Tambaya da Amsa: Tarihin Matuƙa Jiragen Iska na Niyu Zilan da Kulob Ɗinsu na Auckland

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A watan Oktoban 2024 na ji a labarai cewa ƙasar Niyu Zilan ta sake cin wata gasar tseren jiragen ruwa da ake kira Kofin Amurka, kuma wai karo na uku ke nan a jere. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan biyar da 'yan kai ba ita ce take kayar da Amurka da Birtaniya da Italiya. An kuma ce wani kulob ne a birnin Auckland yake riƙe da kofin. Ina roƙon a ba mu tarihin wannan kulob da na mutanen da suka kai shi wannan matsayi. Daga wani malamin makaranta, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kulob ɗin da ka ji ana magana a kansa sunansa Royal New Zealand Yacht Squadron, kuma gidansa yana Westhaven, a bakin ruwan Waitemata, dab da babbar gadar birnin Auckland. Jiragen da ake wannan tsere da su ba inji ke tura su ba, iska ce take bugun filafili, wato babban ƙyallen da ake ɗaura wa dogon jigo a tsakiyar jirgi. Amma idan kana neman sirrin wannan nasara, ba a cikin ginin kulob ɗin kaɗai za ka same shi ba, domin al'adar tuƙin jirgi a wannan ƙasa ta girme shi nesa ba kusa ba, kuma ta fi shi faɗi.

Niyu Zilan tsibirai ne a kudancin tekun Fasifik, kusan kilomita 2,000 daga Ostireliya. Kakannin ƙabilar Maori sun iso can ne wajejen shekarar 1250 zuwa 1300 daga tsibiran gabashin Folinesiya, a cikin manyan kwale-kwale tagwaye masu filafili, suna gane hanya da taurari da yanayin igiyar ruwa da shawagin tsuntsaye. Da Turawa suka zo suka zauna, sai suka tarar da ƙasa mai duwatsu da dazuzzuka wadda hanyoyin tudu suke da wuyar shimfiɗawa a cikinta, saboda haka aka daɗe teku ce babbar hanyar kai mutane da kaya daga gari zuwa gari. Maori su ne suke kawo wa sabon garin Auckland dankali da kifi da alkama a kwale-kwalensu, wasunsu ma har sun mallaki jiragen fatauci nasu na kansu. A ranar 18 ga Satumba, 1840, ranar da aka kafa tutar garin, an yi ɗan tseren jirage a bakin ruwan, kuma daga baya wannan ya zama bikin shekara-shekara da ake yi a ƙarshen watan Janairu har zuwa yau. A shekarun farko, jiragen neman abinci ne suke cika wannan biki: na masunta, na dako, da kwale-kwalen Maori.

Shi kulob ɗin yana lissafa kafuwarsa daga 1871, lokacin da ake kiransa Auckland Yacht Club. A 1901 ya koma New Zealand Yacht Squadron, sannan a 1902 fadar Ingila ta ba shi izinin ƙara laƙabin sarauta a gaban sunansa. Mambobinsa na farko galibi attajirai ne da lauyoyi da manyan 'yan kasuwa, masu halin sa a ƙera musu manyan jirage don shaƙatawa da gasa. Sun yi sa'ar abu biyu. Na farko shi ne itacen kauri, wanda yake tsiro a arewacin ƙasar, mai tsawo miƙaƙƙe, wanda ake iya yanko falanki guda daga goshin jirgi har wutsiyarsa ba tare da haɗi ba, kuma yana jure ruwan gishiri. Na biyu shi ne gidajen maƙeran jirgi guda biyu da suka yi ta goga raini, gidan Logan da gidan Bailey, kowanne yana ƙoƙarin fitar da jirgin da zai tsere wa na ɗan'uwansa. Jirgin Ariki, wanda 'ya'yan Logan suka ƙera a 1904, ya shafe fiye da shekara 30 yana gaban kowa a ruwan Auckland.

Wanda ya karɓe wannan kambu daga hannun Ariki shi ne yake nuna irin al'ummar da muke magana a kanta. Wani ma'aikaci ne mai tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa, mai suna Lou Tercel, ya ƙera jirginsa da hannunsa tare da taimakon 'yan'uwansa, ya sa masa suna Ranger, ya sauke shi a ruwa a 1938, kuma wannan jirgi na ɗan ƙwadago ya yi kusan shekara 30 yana barin jiragen masu kuɗi a baya. Tun kafin shi ma, masu ƙaramin ƙarfi na unguwanni irin su Ponsonby suna da nasu kulob-kulob da nasu tsere, da wasu jirage marasa zurfi waɗanda asalinsu na kamun kifi ne, masu ɗauke da filafili mai girman da ya fi ƙarfin jikinsu. Masuntan da suka fara amfani da su suna rige-rigen kai kifi kasuwa ne kafin ya lalace, daga nan gudun ya zama wasa. Attajirin ganyen shayin nan na Birtaniya, Thomas Lipton, ya ba kulob ɗin Ponsonby kyautar kofi, kuma tun 1922 ake fafatawa a kansa da irin waɗannan jirage.

A ganina, abin da ya fi kowane abu tasiri shi ne wani ɗan ƙaramin jirgi na yara da ake kira P, wanda wani injiniya mai suna Harry Highet ya fito da shi a 1920, mutanen garin Tauranga kuma suka rungume shi suka yaɗa shi. Tsawonsa ƙafa 7 ne kacal, wato mita 2 da ɗan ɗori, yaro ɗaya ne yake shiga, kuma uba mai ɗan sanin aikin kafinta yana iya haɗa shi a bayan gida. An rufe sassan cikinsa yadda ko ya kife ba zai nutse ba. Sai dai jirgi ne mai gardama: gajere ne, filafilinsa ya yi masa yawa, kuma idan iska mai ƙarfi ta bugo shi daga baya sai ya dunƙufar da goshi cikin ruwa ya wuntsila da yaron. Dole yaro ya ja jikinsa can wutsiya, igiyar filafili a hannu ɗaya, sandar juya jirgi a ɗaya hannun, idonsa a kan fuskar ruwa yana duban inda ta yi duhu, domin duhun nan shi ne alamar guguwar da take tafe. Kamar wanda ya koyi hawa a kan doki mai tutsu ne, duk dokin da aka ba shi daga baya zai zo masa da sauƙi. Peter Blake da Chris Dickson da Russell Coutts da Dean Barker, shahararrun matuƙan ƙasar waɗanda za ka ji sunayen wasunsu nan gaba, duk sun bi ta cikin wannan ɗan jirgi suna yara, a ƙananan kulob-kulob na unguwa inda iyaye suke aikin sa kai ranar Asabar. Ƙasar tana da irin waɗannan kulob fiye da 100.

Duniya ta fara shaida abin a gasar Olamfik ta Melbourne a 1956, inda Peter Mander da Jack Cropp suka ci wa ƙasar lambar zinare ta farko a tseren jiragen iska, aka sake samun wata a Tokiyo a 1964. A 1969 wani matashi mai ɗinkin filafili, Chris Bouzaid, ya kai jirginsa Rainbow II har Jamus ya ciyo kofin da ake kira One Ton, wanda a lokacin yake cikin manyan kofunan tseren teku. Daga cikin masu ƙera jirgi a bayan gida aka samu masu zana fasalin jirage irin su Bruce Farr da Ron Holland da Laurie Davidson, waɗanda suka saba da yin jirgi mara nauyi saboda ba su da kuɗin yin mai nauyi, kuma ba a jima ba attajiran Turai da Amurka suka dawo suna layi a ƙofarsu. Mata ma ba a bar su a baya ba. Naomi James ta kewaya duniya ita kaɗai a 1977 zuwa 1978 ta mashigin Cape Horn mai haɗari, Barbara Kendall kuma ta ci zinare a gasar Olamfik ta Barcelona a 1992, ta ƙara da azurfa a 1996 da tagulla a 2000. A gasar kewaya duniya ta Whitbread ta 1989 zuwa 1990, Peter Blake da jirginsa Steinlager 2 sun ci dukkan zanguna shida, kuma jirgin da ya zo na biyu shi ma na Niyu Zilan ne, a hannun Grant Dalton.

Kofin Amurka kuwa sun fara nemansa ne a gasar 1986 zuwa 1987 a Fremantle ta Ostireliya, da kuɗin wani attajirin banki mai suna Michael Fay. Kowa yana ƙera jirginsa da alminiyam, su kuma suka zo da KZ 7 wanda aka yi da roba mai haɗe da zaren gilashi, suka ci tsere 37 cikin 38 kafin Ba'amurke Dennis Conner ya tare su a wasan ƙarshe na masu ƙalubale, wato wasan da ake fitar da wanda zai kara da mai riƙe da kofin. Sun sake gwadawa a 1988 da 1992 ba su dace ba. A 1995, a San Diego, Blake yana shugabanci, Coutts yana riƙe da sitiyari, baƙin jirginsu Black Magic ya lallasa Conner da ci 5 da nema. Blake yana da wata jar safa da matarsa ta ba shi, wadda yake sawa a kowane tsere, kuma da kuɗin tawagar ya yi ƙasa sai aka shiga sayar da jajayen safa a duk faɗin ƙasar don tallafa musu, ma'aikata da 'yan makaranta da manoma kowa ya saya ya sa. Da wannan ƙarfin gwiwa na jama'a aka kawo kofin ɗakin kulob ɗin na Westhaven.

TAMBAYA: Ni abin da ban gane ba shi ne, me ya sa ake kiransa Kofin Amurka alhali ba a Amurka ake yin gasar ba, kuma me ya sa ake cewa kulob ne yake da shi, ba ƙasa ko 'yan wasan da suka ci ba? Daga wata ɗaliba, Maraɗi.

AMSA: Malama, sunan jirgi ne kofin ya ɗauka. A ranar 22 ga Agusta, 1851, kulob ɗin Royal Yacht Squadron na Ingila ya shirya tseren kewaya tsibirin Wight, wani jirgi mai suna America da ya zo daga New York ya shiga ya tsere wa jiragen Ingila duka, ya tafi da butar azurfar da aka sa. Masu jirgin sun damƙa ta ga New York Yacht Club a 1857 tare da wata takardar amana, wadda aka sabunta a 1887, kuma ita ce dokar gasar har yau. Takardar ta ce kofin na gasar zumunci ne tsakanin ƙasashe, kuma kulob ne na wata ƙasa zai ƙalubalanci kulob ɗin da yake riƙe da shi, da sharaɗin mai ƙalubalen yana gudanar da tserensa na shekara-shekara a kan teku ko wani reshe nata. Saboda haka tawagar da kike gani a talabijin, da matuƙanta da injiniyoyinta da kamfanonin da suke ɗaukar nauyinta, wakiliya ce kawai, kulob ɗin shi ne mai riƙon amana, shi yake sa hannu a takardar ƙalubale, kuma shi ake kai ƙara idan rigima ta tashi. Kulob ɗin New York ya riƙe kofin shekara 132, har sai da jirgin Australia II na kulob ɗin Perth ya ƙwace shi a 1983.

Wannan doka ta taɓa haifar da babbar dambarwa wadda Niyu Zilan take tsakiyarta. Bayan gasar 1987, wadda Dennis Conner ya ci ya kai kofin kulob ɗin San Diego na Amurka, Michael Fay ya karanta tsohuwar takardar da kyau, ya ga tana ba kowane kulob damar ƙalubale kai tsaye da jirgi mai tsawon da ya kai ƙafa 90 a kan ruwa, sai ya aika da ƙalubale da sunan wani ɗan ƙaramin kulob na ƙauye mai suna Mercury Bay. Amurkawa suka amsa da jirgi mai ganga biyu wanda ya fi nasa gudu ƙwarai, suka ci tseren 1988 cikin sauƙi, aka kwashi shari'a a kotunan New York har 1990 kafin a tabbatar wa San Diego kofin. Daga baya an girke wannan ƙaton jirgi na Fay a gaban gidan tarihin jiragen ruwa na Auckland.

Riƙon amanar ya zo wa kulob ɗin Auckland da nasa jarrabawa. A watan Maris na 1997 wani ɗan gwagwarmayar Maori ya shiga ɗakin da aka ajiye kofin ya rafka masa babbar guduma har ya lotse, yana nuna fushinsa a kan yadda aka yi da ƙasar kakanninsa. An mayar da kofin Landan wurin kamfanin Garrard, wanda shi ne ya ƙera shi tun 1848, aka gyara shi. A 2000 kulob ɗin ya kare kofin a ruwan Hauraki da ke gefen Auckland da ci 5 da nema a kan jirgin Luna Rossa na Italiya, wanda shi ne karo na farko da wani kulob da ba na Amurka ba ya yi nasarar kare shi. Amma ba a yi wata uku ba Coutts da abokin aikinsa Brad Butterworth suka koma tawagar Alinghi ta attajirin Suwizalan Ernesto Bertarelli. A farkon Disamban 2001 kuma 'yan fashin ruwa suka harbe Peter Blake a kan jirginsa kusa da Macapa, a bakin kogin Amazon na Burazil, inda ya je aikin binciken muhalli, yana da shekara 53. Da 2003 ta zo, 'ya'yan ƙasar ne a jirgin Alinghi suka kayar da ƙasarsu da ci 5 da nema a gaban jama'arsu, jirgin gida ya sha ruwa a tseren farko, jigonsa kuma ya karye a na huɗu. Kofin ya tafi kulob ɗin Janiba, kuma da yake Suwizalan ba ta da teku, sai aka yi gasar 2007 a Valencia ta Sifen.

TAMBAYA: Idan kulob ɗin Auckland ne mai kofin, me ya kai gasar 2024 Barcelona? Ba a gida ya kamata a kare shi ba? Daga wani ɗan kasuwa, Kumasi.

AMSA: Alhaji, wannan tambayar taka ita ce mutanen Niyu Zilan da yawa suke yi, cikinsu har da wasu mambobin kulob ɗin. Amsar a taƙaice ita ce kuɗi, kuma abin da ya sa kuɗin ya yi yawa shi ne jiragen sun sauya kama. Tun gasar 2013 a San Francisco ake sa musu wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa, waɗanda idan jirgi ya ɗauki gudu suke ɗaga gangar jikinsa sama gaba ɗaya, ya zama ruwa ba ya riƙe shi, har yana iya ninka gudun iskar da take tura shi sau uku ko fiye, ya haura kilomita 90 a awa. 'Yan Niyu Zilan ne suka fara nuna cewa manyan jiragen wannan gasa za su iya tashi haka, kuma a waccan shekara sun kai ci 8 da 1, saura tsere ɗaya su ɗauki kofi, tawagar Oracle ta Amurka ta farfaɗo ta cinye 9 da 8. A 2017 a Bamuda suka dawo da wata dabara: maimakon ƙarti masu juya injin da yake motsa fukafukai da filafili da hannu, sai suka sa masu taka feda kamar ta keke, domin ƙafa ta fi hannu ƙarfi, kuma hannuwan sun samu sararin sarrafa fukafukai. Peter Burling, ɗan shekara 26 daga Tauranga, ya tuƙa su suka ci 7 da 1. Sun kare kofin a Auckland a 2021 da ci 7 da 3, a shekarar da kulob ɗin ya cika 150.

Irin wannan jirgi yana buƙatar injiniyoyi masu yawa da kwamfutocin gwaji da shekaru na albashi. Bayan 2021 gwamnati da hukumar birnin Auckland sun yi tayin tallafin da ya kai dalar Niyu Zilan miliyan 99, na tsabar kuɗi da na hidima, shugaban tawagar Grant Dalton ya ce ba zai isa a riƙe ƙwararru a kuma yi nasara ba, yana tuna wa mutane abin da ya faru a 2003 lokacin da masu kuɗi suka kwashe musu mutane. A watan Maris na 2022 aka sanar da Barcelona, kulob ɗin ya amince, kuma a can suka doke jirgin Birtaniya da ci 7 da 2.

Hujjar Dalton tana da ƙarfi, kuma sakamakon ya goyi bayansa. Duk da haka ina ganin an yi wa jama'ar ƙasar ƙwange. Su ne suka sayi jar safa a 1995, harajinsu ne ya tallafi tawagar a shekarun da ba ta da kofi, kuma kulob-kulob ɗinsu na unguwa ne suke renon yaran da ake ɗauka. Yaron da yake koyon tuƙi a Tauranga ko Ponsonby, wanda a 2000 da 2021 zai iya tsayawa a kan tudun North Head na bakin ruwan Auckland ya ga jiragen da idonsa, a 2024 sai da ya tashi da tsakar dare ya kalle su a talabijin, domin bambancin lokaci tsakanin Auckland da Barcelona ya kai awa 11. A 2025 gwamnatin ƙasar ta ce ba za ta zuba kuɗin karɓar baƙuncin gasa ta gaba ba, kuma a watan Mayu na shekarar aka sanar cewa birnin Naples na Italiya ne zai karɓe ta a 2027, wato kulob ɗin Auckland zai kare kofinsa a ruwan ƙasar Luna Rossa, tawagar da ta fafata da shi a wasan ƙarshe a 2000 da 2021.